Malam Jalo da Eriyar Kan Soro

A gidan masu haƙa rijiya aka haifi Malam Jalo, a wani ƙauye na Garo ta ƙasar Kabo, cikin shekarar 1955. Mahaifinsa ne ke shiga rami, shi kuwa tun yana ɗan shekara goma sha biyu aka ba shi igiya. Mai igiya da kunne yake aiki. Na ƙasa zai ce saki, ka saki, ya ce riƙe, ka riƙe. In muryar ta iso ka a makare, ko ka ji rabi ka ƙarasa rabi da zato, to mutum zai bugu da bango ko ya dira kan dutse. Jalo ya yi shekara tara a bakin rami, uban bai taɓa ko ƙwarzanewa a hannunsa ba.

A 1976 ya tafi birni cin rani, ya sami aikin yankan ciyawa a filin jirgin sama. Sauran lebura sukan yanka su wuce. Shi kuwa ya sassaƙa wata sanda mai tsawon taƙi ɗaya, yana gwada ciyawa da ita bayan ya yanka. Wani injiniya mai suna Malam Abdulrahman ya lura da wannan sanda, ya tambayi dalilinta, kuma kafin damina ta fita ya sa aka mai da Jalo wani ɗan ɗaki mai fentin ja da fari can ƙarshen titin saukar jirage. A gaban ɗakin akwai eriyoyi a jere kamar haƙoran mataji.

Malam Abdulrahman ya yi masa bayani sau ɗaya, bai maimaita ba. Eriyoyin nan suna shimfiɗa wata hanya cikin iska wadda ido ba ya gani. Jirgi yana cikin gajimare zai kama ta, in ya karkata dama ta gaya masa, in ya karkata hagu ta gaya masa, yana gyarawa tana sake gaya masa, har ƙafafunsa su taɓa kwalta. Jalo ya ce, "Ashe igiya ce." Injiniya ya yi dariya ya ce igiya ce, amma tana da abokin gaba guda, wato ƙarfe. Mota, keke, ganga, ko kwanon sarki na lebura, duk wanda aka ajiye a gaban eriya yana iya lanƙwasa maganar ko ya tare ta.

Shekara talatin da ɗaya Jalo ya yi a wannan ɗaki. Zamani ne na kaki mai guga da littafin aiki mai shuɗin bango, lokacin da akan rubuta ƙarfe nawa da minti nawa, a sa hannu a ƙasa. Yakan tuna jiragen alhazai suna fitowa daga gajimare daidai inda ake sa ran su, da ƙamshin man jirgi da sassafe, da ranar da ya tsai da motar wani babban mutum da tafin hannunsa ya sa direban ya koma da baya. A duk shekarun nan jirgi bai taɓa kauce hanya a lokacin aikinsa ba. Wannan ita ce dukiyarsa, ba shi da wata.

Sai dai aikin ya bar masa wani hali. Jalo bai yarda da komai ba sai ya taɓa. Ko fitila ta nuna kore sai ya fita ya duba da idonsa. Yakan kulle kwaɗo ya tafi, ya dawo ya girgiza shi. Da ya yi ritaya a 2007 ya komo gida yana noman gero da gyaɗa, halin ya biyo shi. Matarsa Barira takan ce, "Malam, kai ko gishiri ya ji a miya sai ka tambayi wanda ya turo shi." Shi kuma bai taɓa zama ya ba ta labarin ɗakin nan mai ja da fari ba. A ganinsa maganar aiki ta wurin aiki ce.

Gidansa yana jingine da ƙaramin asibitin garin. A farkon daminar bara wani kamfani ya zo da jirgi marar matuƙi, mai faɗin ƙyauren ɗaki, wanda zai riƙa kawo allurai da maganin dafin maciji daga ma'ajiyarsu. Aka zuba dandamalin siminti ƙafa goma-goma a bayan asibiti. Injiniyar da ta zo, Naja'atu, 'yar Gwarzo ce, ta ce ana bukatar wuri mai tudu a kafa wani ɗan akwati mai eriya, wanda zai riƙa gaya wa jirgin inda yake sau goma a cikin sakan guda har ya dira. Babu wurin da ya fi saman soron Malam Jalo. Da Dagaci ya gaya mata ko wane ne mai soron, ta durƙusa ta sake gaishe shi.

"Baba, ashe a gidan masu abin muka sauka."

"Naku ƙarami ne," in ji shi. "Amma igiya igiya ce."

Ranar da aka kafa akwatin ya kira Barira ya nuna mata. Ya ce wannan amana ce, a kula da shi kamar yadda ake kula da baƙo. Iyakar abin da ya gaya mata ke nan. Ya sayi littafi mai shuɗin bango, ya ja layuka da rula: rana, lokaci, yanayin sama, yadda jirgi ya sauka, abin da aka gani a kusa. Kullum bayan asuba yakan hau matakala ya duba akwatin, ya sake hawa kafin magariba. Damina ta wuce da sauka arba'in da shida, kowace a tsakiyar dandamali.

Ranar tara ga Oktoba, da ƙarfe ɗaya da minti goma, rana ta take, jirgin ya iso ya tsaya bisa dandamali kamar kullum. Yana fara saukowa sai ya goce dama, ya dawo hagu har ya zarce, ya sake komawa dama fiye da na farko. Ya dira da ƙafa biyu a kan siminti, biyu a ƙasa. Jalo ya rubuta. Saukar da ta biyo baya da safe ce, ba ta da aibu. Wadda ta bi ta an yi hadari, ita ma lafiya. Ranar goma sha bakwai kuwa, wajen azahar, jirgin ya yi ta lilo har ya bugi katangar asibiti. Farfela biyu suka karye, kwalaben allura goma sha huɗu suka fashe.

Naja'atu ta zo washegari da safe, ta hau soro ta kwance akwatin ta mayar, ba ta ga komai ba. Suka zauna a zaure ta buɗe kwamfutarta.

"Baba, ga shi nan. Maimakon goma, magana biyu ce ke isa ga jirgin, wani lokaci ɗaya. Kafin ya ji an ce ya yi dama, ya riga ya wuce wurin. Sai ya gyara abin da ya wuce, gyaran ya zama sabuwar ɓarna."

"Me ke cin sauran takwas ɗin?"

"Ko wani abu na tarewa, ko wani na kunna abin da ke danne muryar." Ta rufe kwamfutar. "Manyanmu sun ce in aka kuma, za a cire akwatin a kai wani gari. Sun kuma tambaye ni shekarun mai kula da shi."

"Kika ce nawa?"

"Na ce ban ƙirga ba."

Wannan tambaya ta fi fashewar kwalabe yi masa ciwo. A masallaci ya lura ana gaishe shi da wata irin lallaɓawa, irin wadda ake yi wa mai jinya. A wurin mai shayi ya ji an ce, ba a san yana bayan rumfa ba, wai tsufa ba ya jin Turanci. In aka sauke akwatin nan daga soronsa, shekara talatin da ɗaya za su bi shi su sauka, a riƙa tuna shi da tsohon da jirgi ya faɗi a hannunsa.

Ya ɗauko littafi ya bi layi-layi. Duk saukar da ta ɓaci tsakanin sha biyu ne da ƙarfe biyu, rana tsaka, babu gajimare. A layin ƙarshe kuma, inda yake rubuta abin da aka gani a kusa, suna ɗaya ne ya fito a ranakun biyu: Sabi'u, da babur ɗinsa, a gindin darbejiyar da ke jikin katangar soro.

Sabi'u ɗan acaɓa ne, magidanci mai 'ya'ya biyar da baki kamar reza. Kafin zuwan jirgi shi ke ɗauko wa asibiti magani daga Kabo sau uku a mako, cikin kula mai ƙanƙara da yake ɗaurewa a bayan babur. Jirgi ya zo, wannan hanya ta toshe. Kuma a kan babur ɗin akwai wata baƙar rediyo mai doguwar eriya wadda Jalo bai taɓa ganin irinta ba.

Ya fara lura da shi. Ya ga Sabi'u yakan ɗaga kai ya dubi soro. Ya ga yakan murɗa rediyon in an ji kukan jirgi. Wata rana ya fito ya tsaya a kansa.

"Sabi'u, inuwa ta ƙare a garin nan ne sai tawa?"

"Baba Jalo, ina wuni. Taka ta fi sanyi, ta sha iskar Turai."

"Wannan rediyon a ina ka saye ta?"

"Kasuwar Gwarzo. In kana so in sayo maka, ka riƙa jin labarin jiragenka."

"Me ya sa kake murɗa ta in jirgi ya zo?"

"Ƙara sauti nake yi, Baba. Angulun nan taku ba ta barin mutum ya ji waƙa." Ya kishingiɗa kan babur. "Ni fa shekara shida ina kawo allura, ko a taɓo na faɗi kwalba ba ta fashe ba. Ku gaya mata ta zo in koya mata birki."

Masu zama a wurin suka yi dariya. Jalo bai yi ba. Ya koma zaure ya rubuta maganar yadda aka faɗe ta, ya ja layi ƙarƙashin kalmar birki.

Kwana biyu yana juya abin. Ya san ba shi da shaida. Ya kuma san Malam Abdulrahman, Allah ya jiƙansa, ba ya karɓar zato a littafin aiki. Amma sauka ta gaba ranar Laraba ce da ƙarfe ɗaya, kuma sama ta bushe. Ran Litinin da hantsi ya tafi gidan Dagaci, ya jira aka watse, ya matsa kusa.

"Ranka ya daɗe, ban ce na kama kowa ba. Ga dai abin da littafi ya nuna."

Dagaci ya duba layukan, ya ce, "Malam, sunan mutum fa ka kawo."

"Rana da lokaci na kawo. Sunan shi ya zo ya zauna a wurin."

Dagaci ya aika aka gaya wa Sabi'u kada ya ƙara tsayawa kusa da asibiti har sai an bincika. A ƙauye irin wannan aike ba ya tafiya shi kaɗai. Kafin la'asar kowa ya ji cewa Sabi'u yana da na'urar kayar da jirgi. Ran Talata mata biyu da za su awo suka ƙi hawa babur ɗinsa, suka tafi a ƙasa. Aka ce matarsa ta je rijiya an yi shiru har ta cika tulu. Sabi'u ya wuce ta ƙofar Jalo da yamma, ya rage gudu, ya dube shi, bai gaishe shi ba kuma bai yi ba'a ba. Jalo ya ɗauki wannan ma a matsayin alama.

Ran Laraba Sabi'u ya tafi Gwarzo tun da safe, mutum uku sun ga fitarsa. Jalo ya duba akwati bayan asuba, ya zagaya katanga, ya sa aka janye wata amalanke da ke kusa. Naja'atu ta iso sha biyu da rabi ta wuce dandamali kai tsaye da kwamfutarta. Rana ta yi zafi har simintin na ɗaukar ido. Gindin darbejiya babu kowa. Jalo ya tsaya da littafi a hammata, zuciyarsa a kwance.

Ƙarfe ɗaya da minti huɗu jirgin ya iso. Ya tsaya a sama, ya fara saukowa, ya goce dama.

"Biyu," in ji Naja'atu a hankali. "Baba, biyu ce ke zuwa."

Jirgin ya dawo hagu ya zarce. Ta danna wani abu, ya koma sama kamar tsawon giginya ya tsaya yana rawa.

"Na tsai da shi. Batir zai kai minti shida. Bayan nan ko ya sauka a haka, ko in jefa shi a gonar gero."

Jalo ya dubi gindin darbejiya. Ya dubi hanya, babu babur, babu rediyo. Sai ya ga cewa duk kwanakin nan akwai wuri guda da bai taɓa dubawa a wannan lokaci ba, domin a wannan lokacin kullum yana nan bakin dandamali, kuma 'yar katangar da ta kewaye saman soro tana ɓoye akwatin daga ƙasa. Ya miƙa wa Naja'atu littafin, ya tattare riga. Mutanen da suka san shi shekara da shekaru ba su taɓa ganin ya yi gudu ba sai ran nan.

Ya ratsa zaure, ya hau matakala yana dafa bango. A saman soro tabarmi uku ne shimfiɗe da yankakkiyar kuɓewa tana shan rana. A kusurwa kuwa babban daron Barira na alminiyam, wanda ake wanki da shi, an kifa shi a karkace bisa akwatin, an tokare bakinsa da bulo don iska ta shiga, an ɗora dutse a kai don kada ya tashi. Aiki ne na mai hankali, an yi shi da kula.

Ya ture dutsen, ya ɗauke daron, ya wurga shi can bayan katanga. Daga inda yake yana ganin jirgin. Rawar ta ragu, ta tsaya. Ya sauko sannu a hankali, a miƙe kamar guga, ya dira tsakiyar siminti. Jalo ya zauna a kan bulon yana mai da numfashi.

Barira ta hawo da zani a kafaɗa. "Malam, wa ya jefo mini daro?"

"Ke kika kifa shi?"

"Ni ce. Tun da na fara shanyar kuɓewa. Na taɓa abin nan da rana na ji shi kamar dutsen guga. Ka ce amana ce, a kula da shi kamar baƙo. Wa ke barin baƙo a rana? In na kwashe shanya da la'asar sai in ɗauke."

"Ranar hadari fa?"

"Wa ke shanya da hadari?"

Ya buɗe baki zai ce ƙarfe, sai ya tuna shekara arba'in da huɗu suna tare bai taɓa gaya mata ba. Ya gaya wa lebura, ya gaya wa direbobi, ya gaya wa babban mutum a cikin motarsa. Ya ce ta zauna. A nan kan soro, cikin rana, ya ba ta labarin ɗaki mai ja da fari, da hanyar da ido ba ya gani, da abin da ƙarfe ke yi mata. Ta saurara har ya gama.

"To da ka faɗa," ta ce. "Ga faifai nan na kaba, ga tabarma." Can ta ɗago kai. "Wayyo, Sabi'u."

Naja'atu ta ce za ta rubuta wa manyanta cewa an sami abin da ke tare eriya an kawar, ba sai ta ambaci gida ba. Jalo ya ce a'a. Ya karɓi littafinsa ya rubuta a layin ranar: daro a kan akwati, a gidan mai kula, domin mai kula bai yi wa iyalinsa bayani ba. Ya sa hannu, ya ce ta ɗauki hotonsa ta aika yadda yake.

Bayan la'asar ya tafi ƙofar Dagaci. Wannan karon bai jira an watse ba. Ya roƙa a kira Sabi'u, wanda dawowarsa ke nan daga Gwarzo, ƙura har gira. A gaban mutum kusan ashirin Jalo ya tsaya ya faɗi abin da ya faru daga farko, da daron, da bulon, da ranar da ya kawo sunan mutum ba tare da shaida ba.

"Sabi'u, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Sabi'u ya ce, "Baba Jalo, kwana biyu ban ɗauki kowa ba sai buhun gawayi. Shi ne bai ji labari ba."

"Na sani."

"Uwar 'ya'yana ta ce ba za ta ƙara zuwa rijiya ba."

"Barira za ta je ta ɗauko ta gobe, su tafi tare."

"Da daron?"

Wani ya tuntsire da dariya, Dagaci ya harare shi, shi ma yana danne tasa. Sabi'u ya share fuska da hularsa.

"Na yafe, Baba. Amma ran kasuwa kai zan fara ɗauka, mu zaga gari sau biyu kowa ya gani. Kuma rediyo a kunne."

Kamfanin bai cire akwatin ba. Sun aiko da wata 'yar rumfar roba aka kafa masa, sun kuma aiko da takarda cewa daga yanzu wani ma'aikacin asibiti ne zai riƙa sa hannu a matsayin mai kula. Jalo ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ta ya sa cikin littafi. A wurin mai shayi yanzu in an ce Jalo, sai wani ya ce na daro, kuma ya san haka za a ci gaba da faɗi. Bai fasa hawa soro ba. Ya dai ƙara hawa na uku, da ƙarfe goma sha biyu daidai, kuma Barira ce ke riƙe masa littafin in yana duba eriya.

Ran kasuwa Sabi'u ya zo ƙofar gida da hantsi ya yi ta danna ham. Jalo ya fito da riga mai guga, ya zagaya babur ɗin, ya matsa tayar gaba ya matsa ta baya, ya girgiza sirdi. Sa'an nan ya hau.